Kuna Dafa Fata, Kuna Cewa Turarawa Kuke Yi

Na gaji da ganin fata mai kyau tana lalacewa a hannun samarin garin nan. Da an gama cin naman layya sai a fara sallama da ni, wannan da fatar ragonsa a buhu, wancan da ta akuya ɗaure a bayan babur, duk sun tsuke sun ƙandare suna ƙauri. Tambayar kuwa ɗaya ce: "Baba, ko za ta gyaru?" In na bi diddigi sai in tarar a waya aka ga abin. Wani Bature a dajin Amurka ya rataye fatar barewa a kan rami, hayaƙi na tashi, can ya sauke ta launin zuma tana lanƙwasuwa a hannu. Ba a nuna kwanakin da mutumin ya kwashe yana kankara da murza kafin ya ƙyasta ashana ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta, ni kuma in huta da maimaici.

Kafin komai a san inda hayaƙi yake a sana'ar. Jimar Kano ta bagaruwa ce. Wanda ya taɓa leƙa majemar Ƙofar Wambai ya ga yadda ake yi: a jiƙa fata, a tsoma ta a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare da kartaji, a sa ta a ruwan kashin tantabara ta saki jiki, sannan ta kwanta a ruwan dakakkiyar bagaruwa har ta kama. A shafe ta da man gyaɗa, in ja ake so a rina da karan dafi. Irinta Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya tarar a 1851 ana fita da ita daga Kano har Tarabulus, kuma irinta Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta hannun Larabawan arewa take isa gare su, alhali ta jar akuyarmu ce. Wannan fatar ba ta jiran hayaƙi, bagaruwa ta riga ta gama mata aiki.

Hayaƙi na wata jimar ne daban, wadda ake yi da maiƙo: ƙwaƙwalwar dabba, ko gwaiduwar ƙwai, ko sabulu haɗe da mai. 'Yan asalin Amurka ta Arewa sun shahara da ita, a Japan ma akwai masu turara fatar barewa da hayaƙin karan shinkafa. Maiƙon yana kutsawa tsakanin zaruruwan fata ya hana su manne wa juna, sai ta fito fara tas da laushin da bagaruwa ba ta bayarwa. Aibinta ɗaya ne. Da ruwa ya taɓa ta, in ta bushe sai ta sandare, wahalarka ta tashi a banza. Hayaƙi ne ke toshe wannan ƙofar. A cikinsa akwai sinadarai, babbansu fomaldihaid, waɗanda ke kama zaruruwan nan su ɗaure su a yadda suka same su. In hayaƙi ya tarar da laushi, laushin zai zaunar. In ya tarar da tauri, taurin zai zaunar. Duk kurakuran da zan faɗa daga rashin sanin wannan suke fitowa.

Babban makashin fata zafi ne, kuma na san inda kuke samo kuskuren. Mu nan in an ce hayaƙi, banda muka sani. A jera kifi ko nama a kan waya, a hura wuta a ƙasa, zafi ya busar ya dafa. Mai banda zafin yake nema. Sai yaro ya ɗauko wannan ilimin ya ɗora wa fata: ya samo rabin duro, ya cika shi da itace, ya bari ya kama sosai, ya shimfiɗa fatar a bakin duron yana juyawa. Ɗana, wannan ganda kake haɗawa, yaji kawai ya rage.

Fata nama ce, tana dahuwa. Ɗanyar fata mai laima tana fara tsukewa a wajen digiri 60 zuwa 65 na ma'aunin Selshiyas, zafin da ko ruwan shayi bai kai ga tafasa ba. Wadda aka jeme da bagaruwa takan jure har wajen 70 zuwa 85. Ta kamfanonin Challawa da Sharaɗa, wadda ake jemewa da sinadarin kurom, ita kam ko a tafasasshen ruwa aka jefa ta ba ta motsi. Wadda aka cuɗa da ƙwaƙwalwa ko ƙwai kuwa ba ta fi ɗanya jure zafi da wani abin kirki ba, kuma ita ce kuke ɗorawa a kan wuta. In wuri ya dahu za ka gane shi: ya yi duhu, yana ƙyalli, ya motse ya janyo na gefensa ya yamutsa su, in ka lanƙwasa sai ka ji ƙas. Babu man da ke dawo da shi, babu murzar da ke dawo da shi. Zaruruwan sun narke sun zama gam, don da ma daga dafaffiyar fata ake yin gam ɗin gargajiya. Abin da ya rage sai ka yanke wurin, sauran ka kai wa mai ɗinkin kube ko laya.

Wannan kuskuren ya taɓa cinye mini jari, shi ya sa in na zo kansa nake ɗaga murya. Wani baduku a Dukawa ya ba ni aikin fatun awaki masu laushi, zai yi wa wani baƙo jakunkuna. Na kankare, na cuɗa, na murza har tafin hannuna ya yi kanta, sauran turarawa kawai. Na ɗinke su kamar jaka na rataye, hayaƙi na tafiya daidai, sai aka kira La'asar. Na ce wa yaron da ke koyon aiki a wurina ya zauna ya sa ido. Shi kuwa bawan Allah da ya ga hayaƙin ya ragu sai ya ɗauko mafici. Kafin liman ya sallame, garin katakon da ke ramin ya kama bal-bal, harshen wuta ya bi zanen da na ɗinka a gindi ya hau. Na dawo na same shi tsaye da bokiti, ido ya yi jajir, yana cewa, "Maigida, wallahi taimakawa na yi." Na ɗaga fatar farko, wurin da ya kai kamu guda ya koma bai fi taƙi ba. Na biya kuɗin fatu, na sha kunya, badukun kuma ya kai aikinsa gaba. Yaron ban taɓa shi ba, don ban taɓa gaya masa cewa a wannan aikin ba a fifita wuta ba.

Tun daga ranar na kafa wa kaina ƙa'idoji, kuma ba na cewa kowa haka yake yi. Ba na kunna wuta sai da hantsi, bayan raɓa ta bushe, lokacin da iska ba ta tashi ba kuma akwai tazara mai yawa kafin Azahar. In na kunna ba na tashi, ko sallama aka yi sai dai mai sallama ya shigo ya same ni. Ramin da nake haƙawa zurfinsa kamu guda ne, bakinsa tsukakke. Gawayi kaɗan nake hurawa a waje, a kasko, sai ya zama garwashi babu sauran harshe, sannan in zuba cikin ludayi biyu a ramin in rufe shi ruf da abin da zai ba da hayaƙi. Ba a kan ramin nake rataye fata ba. Ina jan bututu ta ƙarƙashin ƙasa kamar taku biyu, hayaƙin ya yi tafiya ya huce kafin ya hau. A bakin ramin akwai fasasshen kasko da nake ja ina turawa: in wuta ta nemi tashi in toshe mata iska, in ta nemi mutuwa in buɗe kaɗan. Kusa da ƙafata kwano ne na ruwa da tsumma.

Ma'aunina hannuna ne. Ina sa bayan hannu a bakin bututun in bar shi. In na iya karanta Fatiha a natse hannun na nan bai dame ni ba, fata ma ba zai dame ta ba. In na janye kafin in kai ƙarshe, to fatar ma da tana da hannu janyewa za ta yi. Kada ka gwada sau ɗaya ka kama danna waya. Rami yana canza hali cikin ƙiftawar ido, musamman in abin da ka zuba a sama ya ci ya huje garwashi ya leƙo. Alamarsa hayaƙin zai tashi daga fari mai kauri ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi. Da ka ga haka ka ƙara abin turarawa a kan hujin nan take.

Wasu don tsoron kamawar wuta sai su jiƙe garin katako sharkaf. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Jiƙaƙƙen abu tururi yake bayarwa, tururi kuwa zafi ne haɗe da laima, haɗin da ya fi komai saurin dafa fata. Ga shi yana taruwa a cikin jakar ya zama ruwa, ya gangaro da baƙin kunkunniya ya zana wa fatar layukan da ba sa fita. In dole sai ka yayyafa, yayyafi kaɗan da yatsu ya isa. Ni na fi son in shaƙe wuta da rashin iska.

Kuskure na biyu ya fi na farko yawa, sai dai shi ba ya nuna kansa a ranar. Shi ne kai wa hayaƙi fatar da ba a gama da ita ba, da tunanin shi zai ƙarasa. A nan ne nake jin haushinku sosai, saboda lalaci ne tsagwaronsa. Mutum ya feɗe rago da hantsi, ya dunƙule fatar ya jefa a lungu, ya shiga hidimar suya da rabon nama, sai washegari da yamma ya tuna da ita. A 2024 da 2025 Babbar Sallah a watan Yuni ta faɗo, ga zafi ga rimar farkon damina. A irin wannan yanayin sa'o'i kaɗan sun isa ƙwayoyin cuta su fara cin gindin gashi. Kama gashin wuya ko na hammata ka ja, in ya biyo hannunka to maganar buzu ta ƙare. Fatar da aka feɗe da hantsi, kafin La'asar a kankare tsoka da kitsen da suka maƙale, a shimfiɗa ta a inuwa, a zuba mata gishiri ta gefen nama, kada a yi ƙwauro. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ake so, har ya fi, kuma a cusa shi a bakin gefe da matse-matsi inda take naɗewa. Masu shanya fata a kan kwanon rufi ko a kan siminti da tsakar rana, su ma dafa ta suke yi. Samanta ya bushe ya rufe, cikinta na ruɓewa, ba za ka sani ba sai ran da ka jiƙa ta ta fara sulluɓewa.

Sai tantani. A gefen nama akwai wani siririn tantani da ke manne da fata, in ba ka tuge shi duka ba maiƙo ba ya ratsa wurin, hayaƙi ma ba ya ratsawa. Shi ya sa kuke samun fata dabbare-dabbare, nan launin zuma can fari fat, sai ku ce ramin ne bai yi kyau ba. Ramin lafiyarsa ƙalau, kartajinka ne bai je wurin ba. In kuma laushin nan irin na yadi kake so, fuskar fatar ma, wadda gashi ya tsiro a kanta, sai an kankare ta. Wanda ya bar fuskar zai sami fata mai kyan gani amma ba za ta taɓa yin laushi irin wancan ba, kuma maiƙon sai ya sha wuya kafin ya shige ta.

Fatar rago kuma tana da nata halin: kitse. Ba a sama kaɗai yake ba, har a cikin naman fatar yake, musamman a gadon baya da gindin wutsiya. In ba ka wanke shi da garin sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan ba, ka sake wankewa, ɗumin hayaƙi zai taso da shi, ya kama baƙi, ya zama danƙo. Bayan wata guda ya fara warin tsohon mai. Mai koyo ya fara da ta akuya. Ta fi ƙarfi, ba ta da kitse sosai, kuma tana yafe kuskuren wuƙa.

Murza ita ce inda ake gane wanda zai yi sana'ar. Bayan fata ta sha ƙwaƙwalwa ko ƙwai an matse ta, dole a yi ta jan ta ana miƙar da ita, tsaye da kwance, a goga ta a igiya ko a gefen turmi, ba tsayawa har ta bushe a hannunka. In ka ajiye ta da sauran laima ka tafi cin tuwo, wurin da ya bushe ba a motsi zai sandare. Kuna gajiya a tsakiya ku ce ai hayaƙi zai tausasa sauran. Ba zai tausasa ba, hatimi zai buga wa taurin. Fatar da ta yi tauri kafin hayaƙi tana da magani, a sake jiƙa ta a ruwan ƙwai a sake murzawa. Bayan hayaƙi gyaran ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ni kafin in ɗauki allura abu biyu nake yi. Ina ɗaga ta a saitin rana, duk inda na ga haske na ratsawa yana ɗan sheƙi, wurin bai sha maiƙo ba. Sannan in manna ta a kumatuna, wuya da gadon baya inda ta fi kauri. In na ji sanyi, da sauran ruwa a ciki, sai a koma igiya. Fatar da ta gama bushewa ɗumi-ɗumi ake jin ta a kumatu.

Akwai kuma masu yi da gangan, su ba kuskure suke yi ba. Fata ta fara ɗoyi, sai a turnuƙe ta da hayaƙi wari ya ɓuya, a kai wa baƙo a Kasuwar Kurmi ko a sayar wa mai neman buzun salla. Ku ji tsoron Allah. Damina ɗaya za ta tona asirin, gashi ya bi goshin mai salla, sunan majeman gari gaba ɗaya ya ɓaci saboda cinikin kwana ɗaya. Wannan algus ne, ko da wane suna aka kira shi.

Yanzu abin da ake ƙonawa. Haba jama'a, taya? Don kun ga wasu masu babbaka suna ƙona taya, sai ku ɗauka duk abin da ya turnuƙe hayaƙi ne? Hayaƙin taya da leda da tsohon silifa ba ya jeme komai. Baƙin kwalta yake shafa wa fata, ya bar mata warin da ba ya fita, kai kuma ka cika ƙirjinka da guba. Haka kananzir ko fetur don wuta ta yi saurin kamawa, warinsu a fatar yake zama. Garin katako yana da kyau, amma in za ka ɗebo a 'Yan Katako ta Na'ibawa ko a shagon kafinta, ka tambaya na wane katako ne. Na allunan nan da ake mannawa da gam, da na katako mai fenti ko wanda aka fesa wa maganin gara, ka bar musu abinsu. Tumfafiya da tinya kada su kusanci raminka, ƙaronsu kaɗai ya ishe ka shaida. Kirya itacen maƙera ce, zafi take bayarwa, ba ita muke nema ba.

Abin da na fi so ruɓaɓɓen itace ne, irin wanda ya tsufa har in ka matsa shi da hannu sai ya marmashe. Tsohon kututturen mangwaro in na samu ba na wuce shi. Ba ya son kamawa, sai dai ya yi ta ci a hankali yana fitar da hayaƙi mai kauri. In babu, totuwar masara da aka farfasa ko ɓuntun shinkafa suna yi, sai dai ɓuntu yana son a sa masa ido don yakan ci ta ƙasa ya rufta. Busasshen kashin shanu yana ba da hayaƙi mai sanyi, wasu na yabonsa, ni dai na daina saboda masu saye suna shinshinawa su ajiye. Launi ma daga nan yake fitowa, kowane abu da irin nasa, don haka in fatu da yawa za ka yi wa mutum ɗaya kada ka canza abin turarawa a tsakiya.

Wanda ya ce zai yi a ɗaki ya rufe ƙofa da taga don kada hayaƙi ya ɓata, wannan ba fata kaɗai zai rasa ba. Garwashin da aka shaƙe yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, ciwon kai da jiri ne farkonta, daga nan sai barcin da ba a tashi. A tsakar gida ake yi, ko kango, nesa da ɗakin yara da kejin kaji. Gidajen cikin gari kuma a manne suke, ka gaya wa maƙwabta tun da wuri, kada Hajiya ta shanya wanki ta kwashe shi yana ƙauri ku kwana kuna shari'a.

Sauran ƙanana ne, amma kowanne na ga ya ɓata aiki. Shimfiɗa fata a buɗe a saman hayaƙi ɓarnar itace ce, iska ke kwashe rabonta. A ninka ta biyu a ɗinke gefe ta zama jaka, ko a haɗa biyu fuska da fuska, yadda hayaƙin zai taru ya nemi hanyar fita ta cikin naman fatar. Hujin da wuƙar mai fiɗa ta bari a ɗinke shi tukuna, in ba haka ba duk hayaƙin ta nan zai bi, bakin hujin ya yi baƙi sauran jiki ya zauna fari. Zanen da za a ɗinka a gindin jakar ya zama na auduga mai kauri, yadin roba narkewa yake yi. A sa 'yan sanduna a ciki su buɗa jakar, domin duk inda gefe biyu suka haɗu suka manne, fari zai fito. In ciki ya yi launin da kake so, a juya jakar a yi wa ɗaya gefen, kada a ce an gaji. Kowane gefe yakan ci daga rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya ko fiye, gwargwadon kaurin fata da kaurin hayaƙi, amma ni ba agogo nake kallo ba, ɗan ɗinki nake warwarewa a sama in leƙa. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙura a haƙura, ita ce mai tayar da garwashi.

Buzu da agalemi, masu gashi, gefen nama kaɗai ake turarawa. A ɗinke jakar gashi na waje. Wanda ya bari hayaƙi ya bi farin gashin rago zai mayar da shi ruwan ɗorawa mai datti, kuma babu sabulun da zai fitar. In na salla ne a yi shi sama-sama, domin ba kowa ke son ya yi sujada hancinsa na cikin ƙauri ba.

Masu ɗauko fatar bagaruwa su turara don wai ta ƙara ƙarko, ban ga abin da suke samu ba sai duhun launi da wari. In ma rini za a yi mata daga baya, jan karan dafi ba ya fitowa tas a kan fatar da ta sha hayaƙi, sai ya dushe. Ga kuma wani abu da ba ku lura da shi: bagaruwa da ƙarfe ba sa shiri. Da ƙarfe ake haɗa kuloko, baƙin rinin dukawa, kuma yana yin baƙi ne saboda haɗuwar ƙarfen da bagaruwar da ke jikin fata. To in ka rataye fatar bagaruwa mai laima a kan waya mai tsatsa, ko ka kafe ta da ƙusa, ko ta jingina da bakin duro, ka yi mata kuloko ba ka sani ba. Baƙin layin da wayar za ta bari ya zauna ke nan. Igiya da sanda su ne abin rataya.

Da an sauke fata daga rami kada a baza ta a iska nan take. Ni naɗe ta nake yi tam, in sa ta a tsohon buhu ta kwana, launin ya ƙara zama ya daidaita. Washegari a rataye ta a inuwa inda iska ke wucewa, ƙaurin zai yi ta raguwa cikin makonni. Kada a adana ta a leda da damina, hunhuna za ta yi. Hayaƙi yana rage ɓarnar ƙwari amma bai hana asu cin gashin buzu ba, a dinga fito da shi ana kakkaɓewa.

Kafin ka miƙa wa mai aiki kayansa, yanki ɗan siriri daga gefen ƙafa, inda ba za a yi amfani da shi ba. Tsoma shi a ruwa ya jiƙu sosai, ka ajiye shi a inuwa ya bushe don kansa, kada ka taɓa. In ya bushe ka murza shi tsakanin yatsu. In ya saki ya dawo da laushinsa, hayaƙi ya ratsa, sai a yi maganar kuɗi. In ya sandare, duba bakin yankan, za ka ga farin layi a tsakiya inda hayaƙin bai kai ba. Sake ɗinke jakar ka koma rami, wannan karon ka ƙara lokaci, garwashin kuma ka bar shi yadda yake.